Yatsun 'yata da ruwan gashi

Duk mutanen garinmu Zurgu sun yarda rashin gashi ne ya lanƙwashe min ƙananan yatsuna biyu, wai Innata ce ta hana a miƙe min su da ruwan zafi ina jaririya. Ƙarya ne. Haka aka haife ni. Wata malamar asibiti a Rano ta faɗa min tun ina sakandare: jijiyar ce gajera, ba laifin kowa.

Ina shekara bakwai aka kai ni wurin wani mai ɗori a Rurum. Ya danne yatsan hagu a gwiwarsa, ya ja har na ji ƙas, ya ɗaure da karan dawa da tsumma. Kwana uku ya kumbura ya yi baƙi. Da aka kwance yana nan a lanƙwashe, sai dai har yau ko allura ta soke shi ba na ji.

Yanzu ina wankan jego a gidanmu. 'Yata kwananta tara, kuma da irin yatsuna ta zo, duka biyun. Na yi ta ɓoyewa da safar hannu. Amma Gwaggo, yayar Babana, ita ke mata wanka, kuma ba abin da ke wuce idonta.

Yau da safe ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta kama ɗan yatsan tana ja. Kukan yarinyar ya sauya, ya koma wani siriri da ban taɓa ji ba.

"Gwaggo, a hankali!"

"Ke tafi can, 'yar boko. Na gasa jarirai tun ba a haifi uwarki ba. Tun ƙashin yana ɗanye ake miƙe shi."

"Ba ya miƙewa, Gwaggo."

"Sannu, likita. In ruwa bai yi ba, bayan arba'in sai Rurum. Ɗan mai ɗorin ya gaji sana'ar."

Da ta miƙo min yarinyar, yatsan ya yi jawur. Na taɓa shi ta zabura, sai na yi hamdala, yatsan bai mutu ba.

Tsoron Gwaggo nake yi, ko Baba ba ya musa mata. Kuma mai haihuwar fari ba ta wanke ɗanta da kanta, za a ce rashin kunya. A ce. Gobe kafin Gwaggo ta iso zan ɗora ruwa in wanke 'yata. In ta shigo zan gaya mata a gaban Inna cewa ba mai sake ja wa 'yata yatsa.