Wasiƙar da Inna Ta Ɗinke da Zare

Abubuwa da yawa sun faru da ni a makarantar kwana waɗanda yanzu sai tsofaffin ƙawaye sun tuna mini nake tunawa. Amma ranar da wasiƙar Inna ta farko ta shigo hannuna, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da garin Babban Mutum. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da ta ci jarrabawar shiga sakandare. Aka tura ni makarantar kwana ta 'yan mata a wajen garin Daura, ina 'yar ƙarama da ni, da akwatin ƙarfe da bokiti da ƙullin ƙuli-ƙuli. A lokacin babu waya a hannun kowa, sai wasiƙa. Wani direba maƙwabcinmu, mai ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Daura, shi ke kai tawa gida ya kawo mini amsa.

Baba ajami ya iya, Inna kuwa ba ta taɓa riƙe fensir ba. Saboda haka duk wasiƙar da na rubuta a hannun Baffa take sauka, ƙanin Baba, wanda ke koyarwa a firamaren garinmu. Baffa mutumin kirki ne, sai dai yana alfahari da ni fiye da kima. Bayan la'asar zai zauna a zaure, maƙwabta su taru, ya gyara murya ya karanta da ƙarfi, mata kuma suna saurare ta bayan katanga. Na taɓa rubuta cewa waken makarantarmu akwai ƙwari a ciki. Da na zo hutu, tun daga bakin rijiya ake tambayata ko na saba da naman wake. Daga nan na koyi darasi. Wasiƙuna suka koma gaisuwa zalla: ina lafiya, karatu lafiya, a gaida kowa da kowa.

Tsakanina da Inna kuma akwai kunyar 'yar fari. Ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Ba ma zama mu yi hira, ko da mu biyu ne a ɗaki. Na san tana sona, domin ƙoƙon furata kullum ya fi na kowa nono, amma a baki ba ta taɓa faɗa ba. Ana gobe zan koma makaranta bayan hutun farko, tana ɗaure mini yaji a leda, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Takardun nan naki duk bakinsu ɗaya. Mutum kullum lafiya, ko ciwon kai ba ya yi?"

Na ce, "Inna, ai Baffa ne ke karantawa, a gaban kowa."

Ta ci gaba da ɗaurinta. Na ɗauka maganar ta wuce ke nan.

A zango na biyu ne abin ya same ni. An mayar da mu wani ɗakin kwana da ke nesa da banɗaki, hanyar babu fitila, manyan ɗalibai kuma sun cika mana kunne da labarin abin da ake gamuwa da shi a can. Tsoro ya hana ni fita, sai na fara fitsarin kwance, abin da rabona da shi tun ban shiga firamare ba. Da safe sai in ɗauki katifa a kai in kai ta rana, yara na bina suna tafi. Aka laƙaba mini suna. Wadda muke cin abinci kwano ɗaya ta canza kwano. Na daina shan ruwa tun azahar har leɓena ya tsattsage, amma abin bai daina ba. A aji ba na jin komai, ni da na zo da kyakkyawan sakamako sai ga ni a can ƙasa. Duk da haka idan na zauna rubuta wasiƙa, sai in hango Baffa a zaure yana gyara murya, in rubuta: ina lafiya, karatu lafiya.

Daga ƙarshe na yanke shawara. Idan direba ya zo, zan ce ba ni da lafiya a ba ni izinin zuwa gida, in na tafi kuma ba mai sake ganina a makarantar. Har na haɗa kayana a akwati. Na san Baba zai ji kunya, domin akwai waɗanda tun farko suka ce masa karatun 'ya mace ɓata lokaci ne, amma a ranar ban ga wata hanya ba.

Direban ya zo ranar kasuwa, aka kira ni bakin ƙofa. Kafin in buɗe baki ya miƙo mini ambulan ɗin Baffa kamar kullum, sannan ya laluba aljihun gaba ya ciro wata 'yar takarda da aka yago daga littafin rubutu. An ninke ta ƙanana, an bi gefenta da allura da baƙin zare an ɗinke, irin ɗinkin da ake yi wa bakin buhu.

"Wannan innarki ce ta ba ni da hannunta," in ji shi. "Ta ce idan zaren ya tsinke a hanya, kada in sake gaishe ta."

Na koma gindin wata bishiyar darbejiya na tsinke zaren da haƙori. Baƙaƙen manya-manya ne, wasu sun hau sama wasu sun gangaro, an goge wani wuri da yawu har takardar ta kusa hujewa. A can sama sunana ne. Sunana cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. A ƙasa ta rubuta:

"Ni ce innarki. Ni na rubuta da hannuna. Ina zuwa ajin manya. Rubuto mini abin da ke damunki. Ni kaɗai zan karanta. Ki yi baƙi manya."

Ban san sau nawa na karanta ba. Na yi kuka har direban ya leƙo ya tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce masa a'a, ya jira ni. Na yago takarda, na rubuta komai da manyan baƙaƙe kamar 'yar aji ɗaya: banɗaki, tsoro, katifa, sunan da aka sa mini, da cewa ina jin tsoron gaya wa metiron, wato matar da ke kula da ɗakunan kwananmu. Na ari allura wurin wata 'yar ajinmu na ɗinke tawa ni ma. Maganar tafiya gida kuwa na ce bari in jira amsa tukuna.

Amsar ta daɗe, har na fara zargin ko Baffa ne ya karɓe. Da ta iso, tare ta zo da ƙunshi: tocila sabuwa da batir, da shimfiɗar leda da aka yanka daidai faɗin katifa aka kalmashe bakinta. Takardar ta ce:

"Na karanta duka. Ba ciwo ba ne, tsoro ne. Ni ma na yi da aka kai ni riƙo wurin gwaggona, ya wuce. Ki sha ruwa, kada ki kashe kanki. Ki gaya wa matar nan, ita ma uwa ce. Kada ki dawo. Ina nan."

Washegari na tattara ƙarfin hali na sami metiron. Ban gama bayani ba ta ce in isa haka, ba ni ce ta farko ba. Ta mayar da gadona kusa da ƙofa, ta haɗa ni da wata babbar ɗaliba mai haƙuri da za ta riƙa raka ni, ta kuma ja kunnen masu yi mini tafi. Abin bai tsaya a rana ɗaya ba, amma kafin ƙarshen zangon ya tafi, bai sake dawowa ba. Sunan da aka sa mini ya ɗan jima, shi ma ya gaji ya mutu.

Sai da na je hutu na ji sauran labarin a bakin Baba, yana dariya. Ashe tun satin da na koma Inna ta nemi izininsa ta shiga ajin yaƙi da jahilci da wata malama ke yi wa matan aure a cikin gida. Mata suna yi mata tsiya, wai da girmanta za ta zauna tana rera a, ba, ca. Ranar da wasiƙata mai ɗinki ta zo kuwa bayan rumbu ta tafi da ita, tana bin baƙi ɗaya-ɗaya da yatsa har tuwon dare ya makara. Baffa ya aika a ce ta kawo ya taimaka mata, ta ce a gode masa. Kalma ɗaya ce ta gagare ta, metiron. Maimakon ta nuna wasiƙar, sai ta kwafi kalmar ita kaɗai a wata 'yar takarda ta kai wa malamarsu ta tambayi ma'anarta.

"Ni kaina ban san abin da kika rubuta ba," in ji Baba. "Na tambaya, ta ce maganar mata ce."

Inna na jin mu daga bakin murhu, ba ta ɗago ba. Da na je na durƙusa kusa da ita zan yi godiya, cewa ta yi, "Ke, miƙo mini muciya." Haka muka ci gaba har na gama makaranta: a gida kunya, a takarda hira. A cikin wasiƙun nan na san mahaifiyata, na san tana da ban dariya, na san abin da take tsoro da abin da take fata.

Yau ni ma malama ce, ina da 'ya'ya a makarantun kwana, Inna kuma ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Abin da na koya daga gare ta shi ne, yaro ba ya rasa abin faɗa, wurin faɗa yake rasawa. Idan naka ya yi shiru, kada ka tsaya jiran ya zo. Kai ne babba, kai za ka nemo hanyar da zai iso gare ka ba tare da idon jama'a ba, ko da hanyar nan za ta sa ka koma ka zauna a tabarma kana koyon abin da yara ƙanana suka riga ka sani.