Akori-kura a Tsakar Gidana

Da shanun huɗa aka jawo ta. Ina daka a tsakar gida na ji ana saran katangarmu ta gabas da diga. Kafin in lalubo mayafi har ƙasa ta zube, sai ga bijimai biyu sun kunno kai ta ɓarakar, suna jan wata tsohuwar akori-kura da igiya. Maigidana na riƙe da sitiyari yana washe baki kamar wanda ya dawo daga Makka.

Motar mahaifinsa ce, Allah ya jiƙansa. Da ita yake kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan tun ina goye. Bayan rasuwarsa aka bar ta a gindin wata tsamiya, kaji suka mayar da ita akurki, ɓeraye suka cinye kujerun. Da aka buɗe ƙofarta, warin da ya bugo ni sai da na zubar da yawu. Kashin kaji ya yi tudu a ƙasa, ga baragurbin ƙwai, ga busasshen mushen jaɓa a maƙale bayan kujera.

Na ce, "Maigida, a nan za ta zauna?"

Ya ce, "To a ina? In bar ta a waje yara su kwance mata kaya? Kafin tumatir ya nuna ta tashi."

A shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shigo mana ƙauye, har ana hawa tudun kanal neman sabis. Muna zaune tsakanin Kura da Bunkure, ga 'yata ta fari ta soma rarrafe. Ni kuwa dama Allah ya yi ni da tsoro. In ta yi atishawa sai na taɓa goshinta, in ta yi dogon barci sai na kara kunne a ƙirjinta. Rumfar kwanon da nake shimfiɗa mata tabarma, ita aka ba motar.

Abokin aikinsa ƙaninsa ne, magidanci da iyalinsa, mai gyaran injin ban ruwa a bakin kanal. A ganinsa mota ba komai ba ce illa injin ban ruwa mai taya. Kullum in sun taso daga gona, da taɓon shinkafa har gwiwa, sai su faɗa ƙarƙashinta. Kuma ba tayar da ita kaɗai suke so ba, sai sun yi mata ƙari. Suka ƙara mata ƙarafa a baya don ta ɗauki kwandunan tumatir hawa-hawa. Suka samo lagireton tsohuwar tarakta, ya ƙi shiga, suka yanke hancin motar da zarto don ya zauna. Ta koma kamar jakin da aka fasa wa baki.

Da sannu gidan ya fi ƙarfina. Baƙin mai ya malale daga rumfa ya bi hanyar ruwan wanke-wanke har gindin randa. Ƙasar da nake sharewa tas ta zama baƙa, mai danƙo, tana kama takalmi. Kaji su taka su hau min tabarma. Langata mai fure, wadda innata ta jera min, na tarar da ita cike da fetur an jiƙa kusoshi a ciki. Tsohon zanina na goyo ya zama tsumman giris. Abin da ya fi tayar min da zuciya shi ne zuƙar fetur. Maigidan zai sa tiyo a baki ya ja, ya furzar, ya goge da bayan hannu, sannan ya ɗauki yarinya yana hura mata koko da bakin nan. Hannunsa kuwa ko ya wanke da toka da omo, in ya yanki tuwo sai ka ga shatin yatsu a jikin malmala. Na daina cin ragowar kwanonsa.

Wata rana na ga kumatun yarinyar ya kumbura gefe ɗaya. Na sa yatsa na zaƙulo noti, baƙi ƙirin, yana yauƙi. Na kai wa ƙanin na ce ya gani.

Ya kwashe da dariya. "Af, matarmu, ashe ke kika ɓoye mana shi! Tun hantsi muke nema."

Na ce, "Allah ya shirye ka. Da ta haɗiye fa?"

"Da mun jira shi da safe."

Har maigidan ya yi dariya daga ƙarƙashin mota. Daga ranar na koma goyo wuni guda. Ina daka da ita, ina tuƙa tuwo da ita, bayana ya yi tsami, ita kuma tana ta zillo tana son ƙasa.

Ana cikin haka makero ya fito mata a ka, sama da kunnen hagu, zagayayye, yana fari-fari, gashin wurin yana zubewa. Na ce a kai ta asibitin Kura. Maigidan ya ce a bari a gama dashe. Ƙanin da ke zaune a kan taya ya ɗago wata 'yar roba ya girgiza.

"Wane asibiti? Ga magani a gida. Man birki. Ɗigo biyu, makero ya mutu murus. Duk direbobin tasha da shi suke kashe ƙyasbi."

Na ce, "Direba ce ita?"

"Dubi wuyana. Kin ga wani abu? Shi na shafa."

Na dubi wuyan. Wani baƙin tabo ne shimfiɗe kamar bayan tukunya. Na ce, "Na gani, shi ya sa. Wallahi kada wanda ya kusantar min da abin nan jikin 'ya. Abin da na ga ya ɗiga a ƙofar mota ya ɗaye fenti?"

Maigidan ya ce, "Ke dai kin cika tsoro." Ni kuma na ɗauka maganar ta wuce.

Ranar wata Laraba da la'asar yarinyar ta yi barci, na kwantar da ita a ɗaki na zagaya wanka. Ina cikin zuba ruwa na ji ƙararta, irin wadda ban taɓa ji ba, ba ta yunwa ba, ba ta firgita ba. Na fito da kumfa a wuya. Tana hannun ubanta tana banƙarewa. Ƙanin na tsaye da robar a hannu ɗaya, ɗayan hannun da tsumma, tsumman nan dai na zanin goyona. Gefen kanta na ƙyalli, man yana gangarowa bayan kunne, ta sa hannu ta murza tana neman kaiwa ido.

Ƙanin ya ce, "Zafin nan shi ne aikin. Yana cin ƙwayar cutar ne."

Ban san sanda na fizge ta ba. Na tsoma kanta a ruwa ina wankewa, ina wankewa, warin na hawa min ka.

Washegari wurin ya tashi ya yi ruwa, fatar ta saɓule kamar ɓawon tumatir da aka zuba wa tafasasshen ruwa. A bayan acaɓa muka tafi Kura, mu uku da mai babur, muka bar mota a rumfa a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Malamar asibiti ta ɗaga kan yarinyar, ta sunsuna, ta dube mu.

"Me kuka sa mata?"

Na juya na kalli maigidan. Na ƙudura a raina ba ni zan faɗa ba. Ya sosa ƙeya, ya dubi farcensa baƙaƙe, ya ce a hankali, "Man birki ne."

Ta ce, "Malam, 'yar taka ce ba ta da birki?" Matan da ke kan benci suka yi ta salati. Ta wanke ciwon, yarinyar na ihu, shi yana riƙe da ƙafafunta.

Da muka dawo ban shiga ɗaki ba. Na tsaya a bakin rumfa na ce, "Maigida, ko motar nan ta fita yau, ko yarinyar nan ta koma gidan innata har ranar da za ta fita. Ba zan sake sauke ta a ƙasar nan ba."

Ya fita, can sai ga shi da ƙanin da tayoyi. Suka ɗaura, suka sake rushe katangar da suka liƙe, suka tura ta waje. Ƙanin na wucewa ta gabana ya ce, "Matarmu, a yi haƙuri." Na ce, "Ajiye min langata." Ya zubar da fetur ɗin ya ajiye. Na wanke ta da toka har hannuna ya yi ja, warin bai fita ba, na bar wa kaji suna shan ruwa.

Ni na kankare baƙar ƙasar da fartanya, shi kuma ya yi ta kawo yashi daga bakin kanal a baro yana zubawa. Sai da na daɓe wurin, na shimfiɗa tabarma, sannan na kwance goyo na ajiye ta. Ta rarrafa har gindin randa ta dawo, na duba gwiwoyinta, fes.

Motar ta tashi daga baya, a ƙofar gida, bayan tumatir ya wuce. Ta yi musu aiki shekaru, suna alfahari da ita. Ciwon ma ya warke, amma gashi bai sake fitowa a wurin ba, ɗan fili sumul kamar girman kwabo. Duk ranar kitso sai na karkatar da tsaga in rufe shi, ita kuma tana ce min, "Umma, me ya sa kullum nawa yake karkacewa?" Sai in ce ta je ta tambayi babanta.