Ƙwallon da Na Jefa Ta Raba Ni da Mahaifiyata

A shekarun alif ɗari tara da sittin ni saurayi ne a Makka, mai ƙarfi da saurin fushi, ina auna yadi a shagon wani Ba'indiye a unguwar Jarwal. 'Ya'yansa suka koya mini kurket, wasan da ake dukan ƙwallo mai taurin dutse da katako. Ubangidana ya yi mini takardar zama, amma mahaifiyata, da ke sayar da gyaɗa a unguwar Nakkasa, ba ta da ita tun da muka zo aikin hajji.

Saboda ƙarfin jifana, a bakin fili ake ajiye ni, dab da 'yan kallo, in yini ina shan zagi. Larabawa su kira ni Takruni, sunan da suke kiran baƙaƙen Afirka ta Yamma, ban damu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan uwana Hausawa, masu cewa na zama karen Indiyawa. Kyaftin ɗinmu ya sha gaya mini in toshe kunne, wai mai zagi fushina yake nema. Na daure har wata Juma'a da la'asar, lokacin da ɗan wani attajirin Bahaushe, haifaffen unguwar Utaibiyya a nan Makka, ya ɗaga murya yana kwaikwayon yadda mahaifiyata ke tallar gyaɗa, jama'a na dariya. Ƙwallo na hannuna. Na juya na sakar masa ita a baki, haƙora suka zube.

'Yan sanda suka tafi da ni. Mahaifiyata, wadda ta yi shekaru tana kauce musu, ta ɗauki mayafinta ta kai kanta ofishinsu don ta roƙa a sake ni. Kafin ta gama magana aka tambaye ta takarda. Ni bulala na sha aka sallame ni, ita kuwa aka sa ta a jirgin ruwa a Jidda aka mayar da ita gida. Ban sake ganin ta ba, rasuwarta ma a bakin alhazai na ji. Shi kuma wancan ya sa haƙoran zinariya, har yau muna haɗuwa a Harami, kuma ban yafe masa ba.

Don haka 'yan wasa, idan aka zage ku, ku tuna da wanda zai biyo ku wurin hukuma. Ku kuma masu zagi daga gefe, ku ji tsoron Allah. Ni na rama wa uwata zagi, amma ko kabarinta ban sani ba.