Tsirkiya Huɗu da Gyara Biyu

Ko daga can unguwar Agla aka kaɗa jitar bas, mai kaurin muryar nan, ina zaune a Zongo zan gaya maka kaurin tsirkiyarta da shekarar da aka ɗaura ta. Duk Kwatano babu kunne irin nawa. Amma jeka gidanmu ka tambaya, dariya za su yi maka, saboda abu guda da ya faru ina ɗan shekara goma sha uku.

Kawuna ne mai kaɗa bas a wani orkestar, wato ƙungiyar makaɗan bukukuwa. Jitar ta fi ni tsawo, tana warin ƙarfe da zufa, Kaka kuwa garayar lantarki take ce mata. Ya yi mini alkawarin zai koya mini in ya ga na yi hankali. Wata Asabar da damina, da safe, babbar tsirkiyar ta tsinke, ga biki da la'asar. Ya miƙo mini guntunta.

"Akpakpa za ka. Irin wannan, guda huɗu."

Iyakar bayanin ke nan. Sai ka ce tumatir ya aike ni.

Ni kuwa goyon Kaka ne, wadda ta tsufa tana sayar da atamfa a kasuwar Missèbo. Abu biyu ta dasa mana: kada ka karɓi abin da aka fara nuna maka, kada ka baro kasuwa ba gyara. Da na isa shagon kayan kiɗa a unguwar Akpakpa, mai shagon ya fito da huɗu masu kauri kamar igiyar ɗaure raƙumi, na ture. A ganina kaurin ta Kawu dauɗar shekaru ce kawai. Can na hango wani ƙunshi, sirara, suna ƙyalli, guda shida, kuma sun fi araha. Huɗu da gyara biyu. Na hau zemijan, acaɓar Kwatano, na tsallako gada ina jin kaina kamar na sayo tashar jirgin ruwa.

Na ƙaramar jita ne. Kawu ya ja ɗaya, ko wuyan bas ɗin ba ta kai ba. Da tsofaffi uku ya je bikin, shugaban makaɗa yana hararsa har aka tashi. Maganar koyarwa kuma ta mutu.

To ku yi mini alƙalanci. Mai shagon da ya ga yaro ne ya ƙi gaya mini gaskiya, ba wanda ya zage shi. Kawu da ya yi rowar bayani, tausaya masa aka yi. Kaka, mai makarantar gaba ɗaya, cewa ta yi, "Ni atamfa na koya masa." Ni kaɗai aka bari da suna Mai Gyara, har matata ta zo ta gaje shi.

Don haushi na koyi bas wurin baƙi. Yau na san masu santsi su ke ba da murya mai taushi, masu kaushi su ke da kaifi suna cin yatsa, kuma ana auna wuya kafin a saya. Yaran yanzu a waya suke zaɓa, ba su taɓa lalubar ƙarfe ba.

Bara da Sallah na ɗaura sababbi, na kai wa Kawu har ɗaki, na kaɗa masa har tagogi suna rawa. Ya tsufa ƙwarai. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Tsirkiya kam ka iya zaɓe yanzu, ɗana. Saura ka samo mai kaɗawa."