Kunkurun da Ke Ƙarƙashin Gonarmu

A gidanmu na Wagini, a ƙasar Batsari, da an idar da sallar isha'i lokacin kaka, Inna Hauwa, mahaifiyar babanmu, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da gyaɗarsa a hannu yana jiran toka ta yi zafi. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kirana, kuma wurina daban ne, jikin gwiwarta.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda Baba da ƙanensa Baffa Sale suka ɓata. Ruwa ya wanke gambar da ta raba gonakinsu a hanyar Yasore, kowa ya ce ɗorawar da ke tsakiya a nasa ɓangaren take. Suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Har Baffa ya fara cewa zai kwashe iyalinsa ya koma Darini. Ni ba ɗorawa ce ta dame ni ba. 'Yarsa Rabi ce ƙawata, tabarma ɗaya muke kwana.

Wani dare Baba da Baffa suna tsakar gida, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Sai Inna ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta buɗe tatsuniya.

"Ga wata ta iso daga nesa, wa zai ba ta wurin zama?"

Muka ce, "Ta zauna nan kusa da wuta!"

Ta ce wai ƙasar nan da muke takawa ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Wasu manya-manyan kunkuraye ne ke kwance gefe da gefe, kowanne ɗauke da garuruwa da dazuzzuka a bayansa. Suna tafiya, amma a hankali ƙwarai, har mutum ya tsufa bai lura ba. Inda biyu suka ja da baya, ruwa ya cike gurbin, shi ne teku. To, akwai wa da ƙane, Tanko da Jatau, iyakar gonarsu ta faɗa daidai inda bayan kunkuru biyu ya haɗu. Kullum suna can suna musu, wannan ya ce taku ɗaya nawa ne, wancan ya ce ƙarya ne.

"Kun san kunkuru da son jin gulma," in ji Inna. "Sai wannan ya matso ya ji, wancan ma ya matso. Suna matsowa, suna matsowa, har ƙoƙon ɗaya ya hau kan na ɗaya. Ƙasa ta yi ƙugi, ta tattare kamar zanen da aka tura da ƙafa. Da ƙura ta lafa, sai ga dutse tsaye a wurin da suke faɗa a kai. Ko akuya ba ta samu abin ci a kansa ba."

Rabi ta tambaya ko shi ne dutsen da muke hawa a bayan gari.

"Shi ne mana. Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka."

Can sai muka ji Baffa ya tuntsire da dariya.

"Inna, a cikinmu wane ne Jatau?"

"Ni da jikokina nake hira," ta ce, tana tona gyaɗa daga toka. "Wanda ya ji ƙaiƙayi ya sosa."

Baba ma na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya. Washegari kwano ɗaya aka kai musu. Ɗorawa kuwa suka ce sun bar wa Inna, ta riƙa kwashe kalwar duka tana daddawa, ba ta ba kowannensu ko ƙwaya kyauta ba.

Sai da na shiga kwaleji na ji abin da masana suka gano. Ɓawon duniya a tsattsage yake, manyan ɓangarori ne da ke motsi a kan dutse mai zafi da ɗan laushi, gudunsu bai wuce yadda farce ke tsiro ba. Inda suka yi karo tsaunuka ke tashi, inda suka rabu teku ke buɗewa, inda suka gogi juna ƙasa ta girgiza. Duwatsun Batsari ma ragowar wani karo ne na zamanin da babu ɗan Adam: dutse ya narke can ƙasa, ya huce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya bayyana.

Da na zo hutu na zayyana wa Inna duka, na ce mata babu kunkuru.

Ta ce, "To, Takwara, su malaman naku sun leƙa sun gani?"

Na ce da na'ura suke aunawa. Ta taɓe baki, ta ce na'ura ba ta san kunkuru ba.

Yanzu ina koyar da wannan darasi a wata makaranta a Safana, Inna kuwa ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Ba ta san ilimin ƙasa ba, kuma ban taɓa riya cewa ta sani ba. 'Ya'yanta ta sani. Ta san in ta tsawata musu kowa zai ƙara taurin kai, in ta sa su dariya za su sauko ba tare da wani ya ji kunya ba. Duk shekara in na gaya wa ɗalibai cewa har ƙasar da suke zaune a kai tafiya take, sai su leƙa ƙarƙashin benci. Ni kuma in yi tunanin yawan zumuncin da aka yanke a kan taku ɗaya na abin da shi kansa bai tsaya wuri ɗaya ba.