Gorar da Kawu Sallau Ya Dasa a Kan Iyaka

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Anacha kafin a sauke tutar Turawa ya san Kawu Sallau mai tsire, ya kuma san abin da yake fara yi in ya dawo daga masallaci da safe. Ba ya shiga ɗaki. Can ƙuryar gida yake wucewa, ya tsaya gaban gorarsa, ya goya hannu a baya, ya dube ta sama da ƙasa kamar mai taya bijimi a kara. Sannan ya ce, "Iyaka ba ta tafiya." Ku dariya maganar take ba ku. Ni da bayana ya biya ta, har yau dariyar ba ta fita mini sosai.

Wan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga gida bayan na watsar da elemantare a aji uku, ya ce tunda na ƙi biro sai in riƙe wuƙa. A hannunsa na yi gemu, a hannunsa furfura ta fara mini.

Ga asalin gorar. Ranar da ya sami filin, shi da maƙwabcinsa Bulus kafinta, mutumin kudancin Zariya, suka kafa guntun ƙarfe a tsakani, suka yi musabaha. Kawu bai gamsu ba. A garinmu gamba ake dasawa a iyakar gona, kaka ya dasa, jika ya tarar da ita inda take. Nan babu gamba, sai ya je bakin kogin Kwara ya haƙo gindin gora uku.

Bulus ya ce, "Malam Sallau, ƙasar nan ba irin taku ba ce. Nan in ka manta sandarka a waje, gobe ka tarar ta yi ganye."

"Kai kafinta ne. Mataccen itace ka sani, bar ni da mai rai."

Gora ta tashi, Kawu ya sami abin so. Gadonsa gora, tsaninsa gora, indararo gora. Tsinken tsire kuwa, ni na san yawan da na fere, yatsuna shaida ne. Na taɓa cewa mu sa Bulus ya yi mana ƙofar katako. Ya ce, "Allah ya ba ka daji a tsakar gida, kana roƙon katako?" Ya haɗa ƙofar gora da hannunsa. Akuya ta shige ta tsakiyarta ba tare da ta rage gudu ba. Ya ce laifin akuyar ne, ramammiya ce.

Abin da bai sani ba, gora ba ta sama take tafiya ba, ta ƙasa take bi. A damina ta huɗu ta ɓullo cikin kuɓewar Saratu matar Bulus. Da shekara ta zagayo sai ga ta a madafa, gab da murhu. Saratu ta karyo tsiron ta kawo masa har ƙofa.

"Malam, ga baƙonka, a madafata na same shi."

Ya jujjuya shi a hannu. "Wannan ba nawa ba ne. Tawa gorar ga ta can a iyaka."

"To na wa ne?"

"Tambayi mijinki. Ƙila guntun aikinsa ne ya tsiro."

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma da tsiron ya yi tsawo ya isa sara, sai Kawu ya juya ya ce nasa ne, kada wanda ya taɓa. Inda gora ta tsaya, nan iyaka take. Bulus bai yi faɗa ba, gaisuwa kawai ya daina. Naman layya ya daina haurawa can, shinkafar Kirsimeti ta daina haurowa nan. Shekara bakwai, mutum biyu masu magana da harshe ɗaya a garin da ba nasu ba!

Har duba-gari ya zo, wai kututturen gora na tara ruwa, sauro na hayayyafa. Ya nuna ta da biro ya ce, "Papa, dis tin mos komot." Wato dole a cire ta. Ni ne tafinta.

Kawu ya ce, "Gaya masa in ya gama da ta bakin kogi, ya zo ya fara tawa."

Na gaya masa Kawu ya ce za a sare. Ya yi murmushi ya tafi. Ranar da Kawu ya haye Asaba sayen raguna, na ɗauki adda na kwantar da rabinta. Ya dawo, ya duba, ya wuce abinsa. Ruwa ya sauka, ta dawo ninki biyu, har ta tsaga bangon madafar Saratu. Sannan ya kira ni.

"Ɗan boko, zo ka gani. Aski ka yi mata."

Shekara biyu bayan samun mulkin kai ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura. Wata hantsi na shimfiɗa masa tabarma a rana. Daga kwance ya hango Saratu tana girki a waje, a duƙe, ƙarƙashin guntun kwano, don madafar ba ta shiguwa. Ya daɗe yana kallo.

"Ilu, ina ƙarfen nan?"

"Wane ƙarfe?"

"Kada ka raina mini hankali."

"Yana ƙarƙashin gorarka, in tsatsa ta bar shi."

"Malamai sun ce wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani, a wuya za a rataya masa gobe kiyama. Dubi yadda wuyana ya koma. Tono mini shi kafin in tafi."

Wanda bai taɓa tonon gora ba, kada ya ce ya san wahala. Saran sama wasa ne. Saiwar ce aikin, ta kitse a ƙasa kamar igiyar shanu, gatari na tsalle a kanta. Rana ta uku ina haki, sai ga Bulus ya fito da digarsa. Bai yi sallama ba.

"Ba haka ake yi ba. Bi kowace saiwa har ƙarshenta. Ka bar guntu kamar yatsa, baɗi tana nan."

Muka yi ta bi, muna tarawa, muna cinna wuta. Kullum da la'asar Kawu ya tambaya, "An gani?" Kullum muryar na ƙara shigewa ciki. Na fara tsoron zai riga mu. Rana ta tara digar Bulus ta yi ƙara a kan ƙarfe. Muka auna. Taku bakwai gorar ta ci a gidansa.

Bulus ya cire hula ya shiga ɗakin da ya shekara bakwai bai taka ba.

"Kafinta, taku nawa?"

"Bakwai, Malam."

"Ƙafarka ƙarama ce. Da tawa shida ne."

"To shida. Na yafe har da na bakwai ɗin."

Kawu ya juya fuska bango. Can sai muka ji ya ce, "Ashe tana tafiya."

Bayan kwana biyu ya cika. Da aka zo neman itacen rufe kabari, ga gora tsibi a tsakar gida. Bulus ya kawo zarto yana yankawa daidai awo. Na ce a babbaka su tukuna, kada su tsiro a can, maƙwabtansa na yanzu ba su da diga. Bulus ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ya ajiye zarton ya zauna a ƙasa.

Adda ya bar mini, da fili fetal, da bayan da ba ya miƙewa. Duk da haka kowace safiya sai na tsinci kaina a ƙuryar gidan, hannu a baya, ina duba ko wani tsiro ya leƙo. Ya Allah, maƙwabcinsa ya yafe masa taku bakwai, Kai ne mafi yafiya. Ka sauke masa nauyin wuya, Ka yalwata masa makwanci. Amin.