Kwalaben Dakta Sule

Da, idan ka wuce ƙofar gidan Dakta Sule a Toranke da hantsi, za ka gan shi ya ɗaga kwalba yana ƙura wa rana ido ta cikinta. Yanzu awaki ke kwana a wurin.

Tare muka yi firamare a Gaya. Ni na bi fatauci, shi ya bi jami'a, ya ƙare ƙuruciyarsa kan abu guda: wai zinariya idan aka mai da ita ƙwayoyin da ido ba ya gani, aka zuba a ruwa, ja take zama, kuma in an haɗa ta da wani ƙarfe launin ya sake. A yawon fatauci na ga jan gilashin tsofaffin majami'un Jamus, an ce da zinariya aka yi shi. A can farfesa za a kira Sule. A nan, Mai Kwalba.

Ya taɓa narka ɗan kunnen zinariya na matarsa, Hajiya Rabi, haɗe da hannun tukunyar sanholo. Ya fito shunayya, gwanin kyau! Ya faɗi ƙasa, ya tarwatse kamar tangaran.

"Kin ga launin?" in ji shi.

"Na gani, Malam. A wane kunnen zan sa garin?"

Likita ya hana shi kallon rana. Ya ce, "Shi ma fitila yake haska mini a ido, wa ya hana shi?"

Idon ya tafi. Saura haɗi ɗaya da ya shekara bakwai yana nema, wanda zai ba da shunayya a ruwa. Ni na zama idonsa.

Ran nan ya miƙo mini kwalba. "Alhaji, me ka gani?"

Ruwa ne fari tas. Na dubi fuskarsa, tausayi ya kama ni. Na ce, "Shunayya ce, Sule."

"Ruwan randa ne, tsohon banza! Yare huɗu ka iya, duk na ƙarya?"

Sai ya zaro ta gaskiyar daga aljihu. Jama'a, shunayya ce kamar furen wake! Na rantse da Allah. Hajiya ta zo ta rantse.

Ya ce, "Kun haɗa baki."

Bai ƙara tambayar kowa launi ba. Kafin kaka ya rasu.

Allah Ya jiƙanka, Sule, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mini. Sule ya samu abin da ya nema, ni na hana shi sani.